Kazar Gado a Gidan Markus

Shekara talatin da biyar Markus Joshuwa ya yi yana aikin gwamnati a Abuja, amma bai taɓa kwana a cikinta ba. A Suleja yake kwana, kamar yadda ƙananan ma'aikata suka saba tun ana gina birnin. Ya zo daga wani ƙauye kusa da Zonkwa yana ɗan shekara ashirin da huɗu, da takardar sakandare da wando biyu. Aka ɗauke shi a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, kuma a ɗakin nan ya yi ritaya. An canza ministoci a kansa har ya daina riƙe sunayensu, an canza wa ma'aikatar suna sau uku, shi dai teburinsa na nan kusa da taga. Abin da ya sani ya san shi sosai: wane fayil ke gaban wane, wa ke sa hannu kafin wa, da yadda ake ladabtar da ma'aikaci bisa ƙa'ida, daga takardar tuhuma zuwa dakatarwa. Shi kansa ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. Ƙarin girma ma ba a cika damunsa da shi ba.

Ya gina ɗaki uku a gefen gari tun wurin yana daji, lokacin da kajin matarsa Dokas ke fita da safe su yi kiwo har bakin rafi, su dawo da kansu. Yanzu gidan yana tsakiyar gari ba tare da ya motsa ba. Hagu da dama ɗakunan haya ne na masu sammakon Abuja, ƙofar gida kuma hanyar keke mai ƙafa uku ce da mashin. Da keke ya take mata kaji biyu cikin mako guda, Dokas ta sa aka kewaye bayan kicin da ragar waya, aka ɗora rumfar kwano, ta tara kajinta tara da zakara ɗaya a ciki. Markus bai taɓa shiga wurin ba. A ganinsa kaji sashen Maman Nasara ne, kuma mutumin kirki ba ya tsoma baki a sashen da ba nasa ba. Ko yanka bai taɓa yi ba. Kowace Kirsimeti yakan miƙa kajin ta kan katanga ga maƙwabcinsu Malam Nu'uman, mai sayar da kaji a babbar kasuwa, ya yanka, don duk layin su iya cin shinkafar gidan. Haka suke yi tun 'yarsu Nasara tana goye.

A daminar bara mahaifiyar Dokas ta rasu a ƙauye. Bayan jana'iza aka raba kayan tsohuwar tsakanin 'ya'yanta mata, kamar yadda ake yi a can: wannan ta ɗauki tukwane, wannan zannuwa, wannan turmi, kajin ma kowa da tata. Dokas ta dawo da guda ɗaya, durgu mai gajerun ƙafafu, wake-wake, ba ta da wani kyau. A cinya ta riƙe ta a mota tun daga Zonkwa. Ta ce irin kajin nan uwarta ke kiwo tun ita tana yarinya, bai taɓa yankewa ba. Ba ta haɗa ta da sauran ba. Ta kife ta da babban kwando a jikin ragar waya ta waje, ta sa mata ruwa da tsaba.

Kwana huɗu da dawowarta aka bugo waya daga Jos: Nasara ta haihu, mako biyu kafin lokacin da aka ɗiba. Dokas ta haɗa kaya a ranar, za ta taya jego wata biyu. A tasha ta bi Markus da bayanin dusa da ruwa da lokacin kwashe ƙwai, yana gyaɗa kai. Sai da ta sa ƙafa a mota ta juyo.

"Baban Nasara, kome ya lalace a gidan nan zan iya haƙuri. Kazar Mama dai nake so in dawo in tarar."

Markus ya ce ya riƙe fayil ɗin mutum dubu nawa ba wanda ya ɓata a hannunsa, balle kaza ɗaya. Batun kwandon ba ta yi masa bayani ba, don bai zo mata a rai cewa akwai mai bukatar bayani ba.

Washegari ya zagaya bayan kicin da kwanon dusa, ya tsaya yana duba lamarin. Ga kaji tara suna walwala, ga baƙuwa ɗaya a tsare. Ba ta yi laifi ba, ba a tuhume ta ba, kuma ita ce ma ta fi kusa da uwargidan. Ya ɗaga kwandon, ya buɗe ƙofar raga, ya tura ta ciki.

Ba ta kai ga kwanon dusa ba. Wata ƙatuwar baƙar kaza ta taho a hankali, ba gudu ba fushi, ta sare ta a ka. Durgu ta miƙe wuya kamar za ta rama, baƙar ta ƙara mata biyu, sai wata fara da ke bayanta ta karɓa. Zakaran ya juya baya yana tonon ƙasa, kamar shugaban da aka kawo wa ƙara ranar Juma'a da yamma.

Kwana uku Markus yana zama a kan kujerar roba yana nazari. Ya gano baƙar nan, wadda ya sa wa suna Madam, tana saran kowa ba mai saranta. Farar tana saran kowa ban da Madam. Haka abin yake gangarowa har zuwa wata 'yar sagara mai siririn wuya, wadda kafin zuwan Durgu ba ta da wanda za ta sara. Tsarin bai zama masa baƙo ba, a cikin irinsa ya tsufa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ba a bin ƙa'ida. Ba a duba shekaru, ba a duba asali, ba gargaɗi na farko.

Sai ya ɗauki mataki. Ya kama Madam bayan ya bi ta zagaye huɗu da suka tuna masa shekarunsa, ya kife ta da kwando: dakatarwa ta kwana uku. Farar ta hau kujerar kafin ya gama wanke hannu, kuma ta fi Madam tsanani, kamar duk mai riƙon ƙwarya da ke son a tabbatar da shi. Na ƙasa da ita suka shiga neman gurbin da ta bari. Kajin da suka shekara tare lafiya suka wayi gari suna fige juna. Ƙwai ya sauka daga shida a rana zuwa biyu. Da wa'adin ya cika ya maido da Madam, ita ma sai da ta yi faɗa ta ƙwato wurinta, kuma duk wadda aka kayar a kan Durgu take hucewa. A makon ne aka yi ruwa kwana uku a jere, kajin suka cunkushe ƙarƙashin rumfa, ba wurin gudu.

Daga barandar da yake fakewa Markus ba ya iya bambanta Durgu da wata wake-waken da ke cikinsu, ga duhun hadari, ga idon da ya sha karatun ƙananan rubutu. Ya tuna a durowarsa akwai ragowar jan kirtanin ofis. A ɗakin ajiyarsu, fayil ɗin da aka ɗaure da ja ba mai taɓa shi sai da izini daga sama, masinja ma da hannu biyu yake ɗaukarsa. Ya yanko taƙi guda, ya ɗaura wa Durgu a wuya sako-sako, ya yi ƙulli mai kyau irin wanda ya shekara talatin da biyar yana yi. Ya sa takalmi ya tafi taron dattawan coci da kwanciyar hankali.

Awa biyu ya yi. Da ya dawo ya tarar da ita a lungu, ta cusa kai tsakanin bulo da raga. Bayan wuyanta ba gashi, jini na tsattsafowa. Sauran sun yi mata da'ira, kowa na jiran nata, har da 'yar sagarar. Ya kore su da hularsa ya ɗauke ta. Idonta ɗaya a rufe.

Da yammar nan Dokas ta kira ta bidiyo, ta nuna masa jaririn ta kowane gefe, sannan ta ce ya nuna mata kazar Mama. Ya ce sabis ba ya kai wa bayan kicin. Shekara talatin da ɗaya da aure, ƙaryar da ya taɓa yi mata ba ta wuce ta cewa miya ta yi daɗi ba. Ya ajiye wayar ya dubi kwalin da ya kwantar da Durgu a ciki. In ta mutu, ba kasuwar da zai je ya sayo irinta.

Da safe ya naɗe ta a tsohon tawul ya hau keke zuwa kasuwa. Malam Nu'uman na zaune tsakanin kejinsa yana cin ƙosai. Tun da daɗewa yake kiran Markus Darakta, muƙamin da gwamnati ta manta ba ta ba shi ba.

"Darakta, yanka za a yi? Ai Kirsimeti da saura."

"Magani nake nema, Malam."

Nu'uman ya goge hannu ya buɗe tawul. Ya dubi ciwon, ya dubi kirtanin, ya ɗago shi da yatsa.

"Wa ya ɗaura mata wannan?"

"Ni ne."

"Da hannunka, kana cikin hayyacinka?"

Markus ya fara bayanin abin da jan kirtani ke nufi a ofis. Nu'uman ya saurara har ƙarshe, don yana ganin girmansa, sannan ya sa wuƙa ya yanke ƙullin.

"A ofishin kaji, ja jini ne. Kaza in ta ga ja sai ta sara, in jini ya fito ta ƙara ganin ja. Ka rataya mata allo ne ka rubuta a ci nan."

Ya tambaye shi sauran labarin, Markus ya ba shi bi da bi, har da dakatarwar Madam. Mai sayar da agwagi na kusa ya daina ciniki ya matso. Markus ya dage cewa ko a dabbobi bai kamata a bar mai ƙarfi ta zalunci baƙuwa ba, dole a sami wanda zai tsawatar.

"Su ba adalci suke nema ba, Darakta," in ji Nu'uman. "So suke kowace ta san wadda za ta kauce wa. Ran da suka sani faɗa ya ƙare. Kai ne kullum kake sa su sake zaɓe."

Daga nan ya karanta masa abin da zai yi. Ya wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Ya sayi shuɗin maganin nan na kemis da ake shafa wa ƙuraje, ya shafe wurin har jan ya ɓace. Ya mayar da ita ƙarƙashin kwando a jikin raga mako biyu, tana ganinsu suna ganinta, baki ba ya kaiwa. Ya raba abinci wuri uku, ɗaya a bayan bulo inda Madam ba za ta hango daga inda take ba, don kaza ɗaya ba ta iya gadin kwano uku. Ya rataya musu ganye su sami abin sara. Ranar da zai sake ta kuma, in dai ba jini ya gani ba, kada ya motsa.

Markus ya ce a ƙarƙashin kwando a jikin raga ya same ta tun farko.

"To ai aikin ke nan Maman Nasara ta fara," in ji Nu'uman, "ka zo ka gyara."

Ya bi umarnin kamar takardar da ta sauko daga sama. Safe da yamma yana wanke ciwo yana shafa shuɗi, har yatsunsa suka rine, ranar Lahadi ya riƙa ɓoye hannu a ƙarƙashin littafin waƙa. Mutumin da bai taɓa riƙe ledar cefane ba ya zama sananne a wurin masu kabeji, yana tsintar ganyen da suka ɓare. Yana daka wa Durgu gyaɗa, yana tono mata gara a gindin katanga. A kwana na huɗu idon ya buɗe. A na shida ta tashi tsaye ta ci da kanta. Kajin kan zo su tsaya a bakin raga su zuba mata ido, ita ma ta zuba musu, tun suna yi da zafi har suka gaji suka koma kan kabeji.

Dokas ba ta daina tambaya ba. Da ya ga maganar sabis ta ƙare, ya nuna mata kazar daga ƙofar kicin, nesa yadda zai yiwu. Ta ce me ya sa wuyanta ya yi duhu. Ya ce wayar ce, ta tsufa. Ta ce to.

Ranar Asabar da safe aka cika mako biyu. Nu'uman ya jingina da katanga ta ɓangarensa da asuwaki a baki. Ya ce ba kajin ya zo dubawa ba. Markus ya zuba dusa wuri uku, ya ɗaga kwando, ya buɗe ƙofa, ya koma kujerarsa.

Durgu ta shiga tana taku ɗaya-ɗaya. Madam ta bar kwanonta ta taho, da tafiyar nan tata ta wadda ba ta sauri. Ta sare ta a ka. Markus ya miƙe.

"Zauna, Darakta."

Ya zauna. Madam ta ƙara. Wannan karon Durgu ba ta miƙe wuya ba, ta sunkuyar da kai ta ja gefe. Madam ta tsaya ta dube ta, ta ga ba sauran magana, ta koma cin abincinta. Farar ta zo ta yi nata sau ɗaya, kamar mai sa hannu a takardar da aka riga aka yanke hukunci a kanta. Haka suka bi layi. Wasu ma ba su sara ba, matsowa kawai suka yi, Durgu ta kauce. 'Yar sagarar ce ta fi kowa himma, ta bi ta sau biyu kewaye da tukunyar ruwa. Sau uku Markus yana ɗaga jiki, sau uku Nu'uman yana cire asuwaki daga baki, shi kuma ya koma. Jini bai fito ba. Kafin rana ta take, Durgu na bayan bulo tana cin dusa ita kaɗai, sauran kowa na harkar gabanta.

Nu'uman ya ce shi ke nan an gama, ya tafi kasuwa. Markus ya daɗe a zaune. Kazar ta tsira, wannan ya gani. Amma an rufe magana ba a sami kowa da laifi ba, kuma wadda aka zalunta ita ce ta koma ƙarshen layi. Bai ji daɗin hakan ba, bai kuma sami wurin da zai kai ƙara ba.

Dokas ta dawo a watan Oktoba da buhun dankali da hotunan jariri. Ba ta shiga ɗaki ba, ta ajiye jaka a baranda ta zagaya bayan kicin. Ta shiga raga ta ɗauki Durgu da hannu ɗaya. Gashin wuyan ya fito gajere, shuɗin bai gama fita daga fatar ba. Ta shafa wurin da babban yatsa.

Markus ya riga ya shirya jawabinsa tun mako guda. Ya tsaya a bakin raga ya faɗi komai daki-daki: ɗaga kwando, dakatarwa, jan kirtani, sabis, tsufan waya. Bai rage ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ya ƙare da cewa abin da ya fi damunsa shi ne yadda suka taru a kan baiwar Allah da ba ta iya cutar da kowa.

Dokas ta dube shi.

"Wace ce ba ta iya cutar da kowa? Ka san yadda aka yi ta faɗo hannuna? Babu wadda ta yarda ta ɗauke ta. A gidan Mama ita ce ke hana kowa ci, zakara ma sai ta ƙoshi yake matsowa. Na kife ta ne don tsoron abin da za ta yi wa nawa."

Markus ya dubi kazar. Kazar ta dube shi da ido ɗaya, ta juya kai ta dube shi da ɗayan.

Dokas ta ce shuɗin kuma ta gane shi tun a waya, ta bar shi ne don ta ga in kaza tana tsaye da ƙafarta sauran magana mai sauƙi ce. Ta daɗe riƙe da ita a ƙirji. Sannan ta ce kazar ta ƙara nauyi, ta sauke ta ƙasa a hankali.

"Na gode, Baban Nasara."

Tun daga lokacin abincin safe na kaji ya koma hannun Markus, ba tare da an yi wata yarjejeniya ba. Durgu ta fara ƙwai a watan Nuwamba, Dokas na tara mata su a tukunyar ƙasa don ta yi kwanci. Kafin nan ta riga ta haye 'yar sagarar, ta haye wake-waken da ke kama da ita, ta fara tsayawa tana kallon ta bakwai a layi ba ta kaucewa. 'Yar sagarar ce yanzu ke cin abinci a bayan bulo, wani lokacin ma Durgu ta bi ta can. Markus ya tambayi Dokas ko za a yi wani abu a kai. Ta ce a bar su. Ya bar su, amma ya nemo kwano na huɗu ya ajiye a bayan tukunyar ruwa.